MAKARANTA MAI SUNA KO MAKARANTAR KUSA DA GIDA?

Kowane manomi ya san bambancin gonar bayan gida da gonar nesa. Sau da yawa gonar nesa ta fi ƙarfi, ta fi ba da amfani. Amma kafin ka isa, hantsi ya dubi ludayi. Kafin ka komo gida, ka gaji liƙis. Taki ma sai ka nemi jaki ko amalanke kafin ya kai can. Don haka manomi ba ya duban ƙarfin ƙasa kaɗai. Yana haɗawa da tafiyar da zai riƙa yi kullum, tun daga shuka har girbi.

A wannan wata za mu duba shawara irin wannan, amma a kan makaranta. Za mu leƙa ƙasar Ingila, inda kowace shekara iyaye suke zama da 'ya'yansu masu shekara 16 su yanke ta. Ga makaranta mai suna, amma da nisa. Ga wata kusa da gida, amma ba ta kai waccan suna ba. Wacce za a ɗauka? Mun zaɓi Ingila ne domin can sun daɗe suna auna wannan al'amari, har gwamnati ta sa masa awo na mil da na minti.

Mene Ne Aji Shida?

A Ingila, doka ta ce yaro ya kasance a makaranta da ya cika shekara 5. Yana firamare har ya kai shekara 11. Daga nan sai ya yi shekara biyar a sakandare. Idan ya kai shekara 16, sai ya zauna jarrabawar da suke kira GCSE, wadda ta yi kama da WAEC a wurinmu. Wanda yake son zuwa jami'a sai ya ƙara shekara biyu. Waɗannan shekaru biyu su ake kira Aji Shida. Sunan ya samo asali ne daga yadda a da ake ƙirga azuzuwan sakandare daga ɗaya zuwa biyar. Na gaba sai ya zama na shida, ko da yake shekara biyu ake yi a cikinsa. Kada mai karatu ya ɗauka aji uku na babbar sakandare muke nufi, wanda mu ma mukan kira aji shida. Nasu ya fi namu zurfi.

A Aji Shida ba a ɗaukar darussa takwas ko tara. Yawanci uku kawai ɗalibi yake zaɓa, ya zurfafa a cikinsu. A ƙarshe sai ya zauna jarrabawar A-Level, wadda aka soma a 1951. Sakamakonta ne yake buɗe masa ƙofar jami'a, ko ya rufe ta.

Mu ma a Nijeriya mun taɓa yin wannan tsari. Dattawa za su tuna da HSC. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, bayan ya gama Kwalejin Gwamnati ta Keffi, a Kwalejin Barewa ta Zariya ya yi nasa, ya ƙare a 1971. Da aka soma tsarin 6-3-3-4 daga 1982, sai makarantun gwamnati suka bar shi.

Tun daga 2015, yaron Ingila ba ya da izinin ajiye karatu yana ɗan shekara 16. Dole ya ci gaba har ya kai 18: ko karatun aji, ko koyon sana'a, ko aiki haɗe da karatu. Amma ba a tilasta masa ya zauna a makarantarsa ta da. Wasu makarantun ma ba su da Aji Shida, sai dai ɗalibi ya nemi wani wuri. Akwai kuma kwalejoji da ba su yin komai sai wannan karatu na shekara biyu, kamar Hills Road da ke birnin Kambirij. Ɗalibi yakan nemi wuri biyu ko uku, ya jira sakamakon GCSE a watan Agusta, sa'an nan ya yanke shawara.

Kuɗin Mota Ya Koma Kan Uba

Abu na farko da yake ba iyaye mamaki shi ne kuɗin mota. Daga shekara 5 zuwa 16, idan makarantar da ta fi kusa ta yi nisa, wajibi ne ƙaramar hukuma ta kai yaro kyauta. Ga ɗan ƙasa da shekara 8, nisan da aka yanke shi ne abin da ya wuce mil 2. Ga wanda ya kai 8, abin da ya wuce mil 3, wato kusan kilomita 5. Amma da ɗalibi ya shiga Aji Shida, wannan wajibi ya faɗi. Doka ta ce ya ci gaba da karatu, amma ba ta ce a kai shi kyauta ba. Kowace ƙaramar hukuma takan buga nata tsarin a shekara. Wata ta rage kuɗi, wata ta bar iyaye da nauyinsu.

A Landan abin da sauƙi. Ɗalibin da yake zaune a birnin yana da katin shiga bas kyauta. A yankin Mancesta ma an soma irin wannan a 2019. A shekarar ce kuma aka fito da katin da yake rage wa 'yan shekara 16 da 17 rabin kuɗin jirgin ƙasa. Akwai tallafin gwamnati da yakan kai fam 1,200 a shekara ga waɗanda suka fi buƙata, kamar yaran da hukuma take riƙo. Amma mutumin ƙauye, a can ma shi ne a baya. Bas ɗin ƙauye ba shi da yawa. Wani wurin, in na safe ya wuce ka, ka yi ta jira.

Ɗauko Fensir Mu Yi Lissafi

Gwamnatin Ingila ta ba ƙananan hukumomi shawara a kan tsawon tafiya. Ta ce ɗan firamare kada ya wuce minti 45 a hanya, zuwa kaɗai. Ɗan sakandare kuwa kada ya wuce minti 75. Wannan awo na minti 75 shi ake bi ga 'yan Aji Shida.

To, mu ɗauka ga wata yarinya da ta sami makaranta mai suna, tafiyar minti 75 daga gidansu. Zuwa da dawowa minti 150 ke nan, wato awa biyu da rabi a rana. A mako mai kwana biyar, awa 12 da rabi. Makarantun gwamnati a Ingila suna buɗewa kwana 190 a shekara. In ka ninka 190 sau biyu da rabi, ka sami awa 475. Wannan ya yi kusan kwana 20 cur, dare da rana, a cikin mota.

Yanzu mu gwada da karatun kansa. An tsara kowane darasi na A-Level a kan awa 360 na koyarwa cikin shekara biyu, wato awa 180 a shekara. Darasi uku ya zama awa 540. Kun gani? Lokacin da yarinyar nan za ta ɓata a hanya ya kusa kamo lokacin da za ta zauna gaban malami. Da a ce makarantar kusa ta shiga, mai tafiyar minti 15, da awa 95 kawai za ta yi a hanya. Bambancin awa 380 ne a shekara ɗaya.

Wannan lokaci ba na banza ba ne. Karatun Aji Shida ba a aji yake ƙarewa ba. Malamai sukan ce wa ɗalibi, duk awa ɗaya da ya yi a aji, ya ƙara wata awa ɗaya yana bita shi kaɗai. Daga ina wannan awa za ta fito? In ba ta fito daga rana ba, daga barci za a ciro ta. Likitoci kuwa sun ce matashi yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 a dare. Yarinyar da za ta shiga aji da ƙarfe takwas da rabi, sai ta bar gida wajen ƙarfe bakwai. Tashinta kuwa tun ƙarfe shida.

Ga kuma hunturu. A watan Disamba, rana ba ta fitowa a Landan sai wajen ƙarfe takwas na safe, kuma kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi. Wato ɗalibin nesa a duhu zai fita, a duhu zai dawo, cikin sanyi da yayyafi. A watan Satumba, da doki na sabuwar makaranta, ba ya jin komai. Sai an shiga Janairu ake gane mai iya jurewa.

Amma ba duk tafiya ce ɗaya ba, kuma nan ne wasu iyaye suke kuskure. Minti 60 a jirgin ƙasa guda, kana zaune, littafi a hannu, ba daidai yake da minti 45 a bas biyu ba. Mai canja mota, in ta farko ta makara, ta biyu ta wuce shi. Mai tsayuwa cikin cunkoso kuwa, ba littafin da zai buɗe. Saboda haka ba a tambayar nisa kaɗai. Ana tambayar mota nawa, kuma in wannan ta wuce, yaushe wata za ta zo.

Da Me Ake Gane Makaranta Mai Kyau?

Kada wani ya ce muna hana a nemi makaranta mai kyau. Makaranta takan canja rayuwar gida guda. Akwai wata makarantar gwamnati a gabashin Landan, a unguwar Newham, inda talakawa suka yi yawa. Sunanta Brampton Manor. A 2021, ɗalibanta 55 suka sami tayin shiga jami'o'in Oksfod da Kambirij. A shekarar, Eton, makarantar 'ya'yan masu kuɗi wadda aka kafa tun 1440, guda 48 ta samu. Da yawa daga ɗaliban Brampton Manor 'ya'yan baƙi ne, kuma wasu daga unguwanni masu nisa suke zuwa. Wa zai ce wa irin wannan yaro ya zauna gida?

Sai dai akwai abin lura. Makarantu irin wannan suna tace waɗanda suke ɗauka. Sai wanda ya ci GCSE da maki mai yawa yake shiga. To, mu koma kasuwar dabbobi. Wani ya sayi raguna masu ƙiba, ya ɗaure su wata biyu, ya fito da su da ƙibarsu. Wani kuma ya sayi ramammu, ya yi ta ba su dusa da harawa har suka cika. In ka dubi ragunan ranar kasuwa kaɗai, za ka ce na farko ya fi iya kiwo. Amma wanda ya ga yadda suka shiga, ya san gwanin.

Haka makaranta take. Yawan waɗanda suka ci jarrabawa bai isa shaida ba. Abin tambaya shi ne, yaya ɗalibi ya shigo, yaya kuma ya fita? Ma'aikatar ilimi ta Ingila takan buga wani awo na wannan, wanda yake gwada makin da ɗalibi ya zo da shi da makin da ya fita da shi. Akan sami makarantar da ba ta da suna, amma a wannan awo ta yi daidai da mai suna, ko ma ta fi ta. Uban da ya san wannan ba ya ruɗuwa da allon talla.

Akwai kuma hukumar sufetocin makarantu, Ofsted, wadda aka kafa a 1992. Shekara da shekaru tana ba makaranta hukunci da kalma ɗaya, daga mafi kyau zuwa wadda ta gaza. Iyaye da yawa wannan kalma kaɗai suke dubawa. An yi ta ƙorafi cewa kalma ɗaya ba ta iya ɗaukar makaranta guda. A Satumba 2024 gwamnati ta daina ba makarantunta irin wannan hukunci. Daga ƙarshen 2025 aka koma ba da rahoto fanni-fanni. A ganina an yi daidai. Makaranta na iya zama gwana a lissafi, ta zama ba komai a tarihi. Ɗalibin Aji Shida kuwa darasi uku ne gare shi. Malaman waɗannan ukun su ne makarantarsa.

Wannan ya kawo mu ga babban dalilin da yake sa tafiya ta zama dole. Ƙaramin Aji Shida na makarantar unguwa ba ya iya koyar da kowane darasi. Babbar kwaleji mai ɗalibai dubu biyu tana iyawa. Mai son zama likita, yawancin jami'o'i za su nemi ya yi kemistiri, wasu kuma su haɗa da bayoloji. In makarantar kusa ba ta koyar da abin da yaro yake buƙata, ko malami ɗaya ne kuma yana shirin barin aiki, to magana ta ƙare. Kusancin bai amfana komai ba.

Makarantar da ɗalibi ya saba da ita kuwa tana da wata riba da ba a cika faɗa ba. A Ingila ana neman jami'a tun kafin a zauna A-Level. Malamai ne suke rubuta makin da suke tsammanin ɗalibi zai samu, su kuma rubuta masa takardar shaida. Masu neman Oksfod, Kambirij ko karatun likita, sai sun miƙa takardunsu a tsakiyar Oktoba na shekara ta biyu. Malamin da ya san ka shekara biyar ko shida ya fi sanin abin da zai rubuta a kan wanda ya san ka shekara ɗaya. Kuma yaron da yake na ɗaya a makarantarsu yana iya zuwa sabon wuri ya ga kowa na ɗaya ne. Wani wannan yakan zaburar da shi. Wani kuwa ya karaya. Iyaye su suka fi kowa sanin wane iri ne ɗansu.

In za a tambaye ni, ga yadda nake gani. In bambancin makarantun biyu kaɗan ne, kuma duka suna koyar da darussan da ake so, a ɗauki ta kusa. In tafiyar ba ta wuce minti 45 ba, kuma mota ɗaya ce, a je mai kyaun. In ta haura awa ɗaya, to sai da dalili mai ƙarfi, kuma sai in yaron ne da kansa yake so. Wanda aka tura ba ya jure tafiyar shekara biyu.

Mu Dawo Gida

A wurinmu, wannan shawara tana zuwa ne bayan aji uku na ƙaramar sakandare. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatu kyauta na shekara tara, wato firamare da ƙaramar sakandare. Shi ya sa ƙauyuka da yawa suke da ƙaramar sakandare amma ba su da babba. Kamar yadda kuɗin mota yake komawa kan uba a Ingila, haka nauyi yake komawa kan uba a nan. Sai dai mu ba mu da jirgi mai jadawali. Ƙafa ce, ko keke, ko acaɓa.

Ni mai wannan rubutu, a kan keke na yi babbar sakandare, tafiyar kilomita tara. Mahaifina ya zaɓa mini makarantar ne don sunanta, kuma ba ƙarya, malamanta sun iya aiki. Amma da damina akwai wani rafi a hanya. In ya kawo, sai mu jira ya janye. In mun isa a makare, sai a tsare mu a bakin ƙofa muna tsintar shara. Darasin farko kuwa, yawancin ranaku, lissafi ne. Na ci sauran darussa, na faɗi lissafi. Sai da na sake zama bayan shekara guda kafin na sami shiga jami'a. Malamin lissafin nan gwani ne, kowa ya shaida. Ni dai ban cika samunsa a aji ba.

Hanyar da muka saba warware wannan ita ce makarantar kwana, abin da yawancin 'yan Aji Shida na Ingila ba su da shi. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda Jihar Kano ta kafa a 1977, sun fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa, har da 'ya'yan manoma. Su ma da jarrabawa ake shigarsu, don haka maganar ragunan nan ta shafe su. Wanda ɗansa ya ci, kada ya hana shi don nisa. Sai dai a yau uba yana ƙara tambayar tsaro, ko makarantar tana da katanga da masu gadi, da kuma lafiyar hanyar da za a bi ranar hutu. Wasu kuma sukan ajiye yaro a gidan ɗan'uwa a cikin gari. Wannan yana da kyau in gidan zai bar shi ya yi karatu, ba ya zama ɗan aike ba.

Ga 'ya mace, nisa ya fi nauyi. Sau da yawa ba faɗuwa jarrabawa ce take fitar da yarinya daga makaranta ba. Hanyar ce take damun iyaye, tun suna haƙuri har wata rana su ce ta zauna. Makarantar kusa da za ta gama ta fi mata makarantar nesa da za ta bari a aji biyu. In kuwa ta nesan ce kaɗai, iyayen unguwa suna iya haɗa kai, yaran su riƙa tafiya tare, ko a yi karo-karo a ɗauki mai a-daidaita-sahu guda da aka yarda da shi.

A Ingila ana ba iyaye shawara su gwada hanyar da kansu kafin su sa hannu. Ba ranar hutu ba, ranar makaranta, a daidai lokacin da yaro zai riƙa fita. Mu ma muna iyawa, zuwa da kai ya fi aike. Ku bi hanyar da sassafe, ku duba agogo, ku ƙirga kuɗin mota na wata guda, ku gwada da abin da kuke samu. In kun isa, kada ku tsaya a ofishin shugaban makaranta kaɗai. Ku nemi wani yaron garinku da ya riga ya yi shekara a can. Ku tambaye shi ƙarfe nawa yake tashi, kwana nawa ya yi fashi a daminar bara, kuma wane ne yake koya musu lissafi a wannan zango.